Rahoto Daga Tsibirin Da Ban Je Ba

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar Alhamis ta makon Babbar Sallah, ƙarfe biyar da minti ashirin na yamma agogon Dubai, wato biyu da minti ashirin agogon gida. Wurin da abin ya faru shi ne tsakiyar ruwan da ya raba unguwannin Bur Dubai da Deira, a kan abra, ɗan jirgin katakon nan da ke tsallakar da mutane. Waɗanda suka halarta su ne ni, da abokina Abdul-Razak, da Hajiya Talatu mai tuwo, da fasinjoji kamar goma sha biyar da ba sa jin Hausa (Allah ya saka musu da alheri). Sai kuma Malam Sabo, wanda yake Kano amma yana kan waya, kuma ya fi duk wanda ke cikin jirgin jin abin da ya faru.

Bari in fara daga farko, kamar yadda aka koya mini.

Shekara tara na yi a gidan rediyo kafin in zo Dubai. Yanzu tafinta nake yi a wani asibiti, ina tsayawa tsakanin likita da mutanenmu masu zuwa neman magani. Amma hali zanen dutse ne. Har yau idan aka tambaye ni ƙarfe nawa, ba na cewa "wajen biyar", sai in ce biyar saura minti huɗu. Idan wani ya ce "kowa ya sani", sai in tambaye shi su wa da wa. A gidan da muke haya a unguwar Al Qusais ba mai kirana da sunana, Ɗan Rediyo ake ce mini. Kuma ni ne mai duba wa mutane takardu. Duk wanda zai yi tafiya sai ya kawo mini fasfonsa da tikitinsa, in sa tabarau, in duba, in yi masa ɗan wa'azi a kan sakaci. Ku riƙe wannan, zai yi amfani nan gaba.

Malam Sabo shi ne editan da ya horar da ni. Doka ɗaya ya kafa mana tun ranar farko: abin da ka gani, ka ce ka gani; abin da ka ji, ka ce an ce; abin da ba ka gani ba kuma ba ka ji ba, ka yi shiru, ba a taɓa binne wani saboda ya yi shiru ba. Ya taɓa mayar da ni kasuwa sau biyu a rana ɗaya saboda na rubuta "jama'a da dama", ya ce in je in gano ko nawa ne "da dama". Ya yi ritaya, amma har yanzu yana gabatar da wani shiri ranar Lahadi a kan mutanenmu da ke ƙetare. Abin alfaharinsa ɗaya ne a duniya, cewa bai taɓa buɗe baki ya nemi gafarar masu saurare a kan labarin ƙarya ba.

To, a shekarar sai na yanke shawarar zuwa Mauritius, tsibirin nan da ke cikin tekun Indiya. Wani zai sayi tikitinsa ya tafi abinsa. Ni kuwa sai da na buɗe zaure na musamman a WhatsApp, na zuba mutum arba'in da uku a ciki ba tare da na nemi izinin ko ɗaya ba: 'yan gidanmu, da abokan aiki, da 'yan'uwa na Kano, da Malam Sabo. Na yi musu alkawarin rahoton murya kullum da ƙarfe bakwai na safe. Wata guda na yi ina karatu a kan tsibirin, har na san sunan kasuwarsu da abin da ake sayarwa a kowane layi. Kuma da yake a rediyo ba a shiga shiri sai da rahoton ajiya, saboda ko layi ya katse, sai na zauna na rubuta rahoto huɗu tun kafin in tashi. Niyyata in na isa in gyara su bisa abin da na gani. Allah ne shaidata, niyyar ke nan.

Hajiya Talatu tana hawa na biyu a gininmu, ita ke yi mana tuwo a ƙarshen mako, kuma duk labarin da ya shiga ɗakin girkinta da safe, kafin la'asar ya isa Sharjah, garin da ke makwabtaka da mu. Ranar da zan tafi ta miƙo mini dambun nama a roba.

"Ga guzuri, ɗan nan. An ce suna da ganyen shayi mai ƙamshi, ka taho mini da shi. Kada ka kawo mini irin na Deira ka ce na can ne, ina da hanci."

"Haba Hajiya," na ce, "ni?"

Ranar Lahadi da hantsi na isa filin jirgi awa uku cif kafin tashi. Matar da ke kan kanta ta karɓi fasfona, ta duba, ta sake dubawa.

"Yallaɓai, yaushe za ka dawo?"

"Asabar, ƙarfe shida da minti arba'in."

"Fasfonka zai mutu ranar Alhamis."

Na yi mata murmushin da nake yi wa marasa lafiyar da suka rikita sunan maganinsu. Na bayyana mata a hankali cewa fasfona mai shekara goma ne. Ta juyo da shi, ta ɗora farcenta a kan layin. Mai shekara biyar ne. Lokacin da nake sayen tikiti an nemi ranar ƙarewarsa, na cike daga ka, domin ni ba na mantuwa. Fasfo nawa ne suka bi ta hannuna a shekarun nan? Nawa ne kaɗai ban taɓa buɗewa ba.

Na ja akwatina na samu kujera. Wayata tana ta kawo "Allah ya kiyaye hanya", "a sauka lafiya", "a yi mana addu'a a bakin teku". Na buɗe robar Hajiya na ci dambu kaɗan. Abin da ya kamata in yi a bayyane yake: in rubuta layi biyu, a yi mini dariyar kwana uku, a manta. Amma da na tuna fuskokin waɗanda na yi wa wa'azi a kan sakaci, ɗaya bayan ɗaya, sai na kira Abdul-Razak.

Razak mutumin Kumasi ne, ɗan Zango, yana aikin ceto a bakin ruwan wani otal. Wuni yake a kan doguwar kujera yana kallon masu iyo. A Al Nahda yake zaune, kuma abokin ɗakinsa ya tafi gida Sallah, akwai gado. Can na same shi da akwatina, ya saurare ni har na gama, sannan ya yi dariyar da sai da ya dafa bango.

"Massa, ka gaya musu kawai. Khalas, shi ke nan," in ji shi. Massa, wato maigida, haka yake kirana.

"Gobe," na ce.

Gobe ta yi. Ƙarfe bakwai da minti biyu wani ya rubuta a zaure: "Ɗan Rediyo, shiru?" Bakwai da biyar wata ƙanwata ta ce Inna tana tambaya ko na sauka. Ga kuma rahoto na ɗaya kwance a cikin jaka, a rubuce tsaf, har da wuraren numfashi na sa wa alama. Tuwo ne an riga an tuƙa, miya kawai yake jira. Na rubuta cewa layin tsibiri ba shi da ƙarfi, rahoto zai zo da tara. (Wani abin da ya taimaki Shaiɗan shi ne agogon Mauritius ɗaya ne da na Dubai, ko lissafi ba sai na yi ba.)

Rahoto ba ya tafiya ba tare da sautin wurin ba, don haka muka nufi bakin ruwan Mamzar, ni da Razak da ƙaramar na'urata ta naɗar magana. A nan na gamu da matsala ta farko. Tekun yana kwance kamar ruwan da aka tara a baho, ko motsi babu.

"Wannan teku ba ya aiki ranar hutu," in ji Razak.

Minti arba'in na yi a tsugune da makirfo a bakin ruwa, rana tana gasa mini ƙeya, har Allah ya kawo wani a kan babur ɗin ruwa ya wuce da gudu. Igiyar da ya tayar ta ba ni daƙiƙa goma sha ɗaya na ƙarar teku mai kyau. Na yanke su, na jera su suna maimaita kansu, na shimfiɗa a ƙarƙashin muryata. A cikin daƙiƙun nan akwai wani tsuntsu da ya yi kuka sau ɗaya. Na ji shi, na ce ai ƙarin armashi ne.

"Assalamu alaikum jama'a masu saurare. Daga nan gaɓar Grand Baie a arewacin tsibirin Mauritius, inda yashi fari ne kamar garin rogo, ruwa kuma shuɗi har kana ganin ƙafarka a ƙasa. Yanzu lokacin sanyinsu ne, kuma iskar da ke kaɗawa sai da ta sa na nemi rigar sanyi."

Ina faɗin rigar sanyi gumi yana ɗiga daga haɓata a kan takardar. Razak ya cusa hularsa a baki.

Rahoton ya karɓu fiye da duk wanda na taɓa yi a rediyo. Wani ya ce har ya ji sanyin a jikinsa. Da aka fara neman hoto, sai na amsa da cewa ɗan rediyo ba ya aiki da hoto, hotonsa a kunnen mai saurare yake. Mutum tara suka yaba wa wannan magana.

Na Talata ya fi sauƙi. A kan ƙasar tsaunin Chamarel ne, wadda ake cewa launinta bakwai, da manyan kunkurun da ke kusa da ita. Ƙasa ba ta magana, kunkuru ma haka, don haka a lambun shaƙatawa na Al Nahda na naɗe shi, a ƙarƙashin wata bishiya. Amma da yake aikin gaggawa ne, na ɗan shimfiɗa tekuna na jiya daga nesa-nesa, ban tsaya na duba ko ana jin teku daga kan tsaunin ba. Na Laraba kuwa kasuwar Port Louis ce. Na karanta cewa yawancin mutanen tsibirin asalinsu Indiya ne, to ina za a fi samun hayaniyar Indiyawa irin kasuwar yadi ta Bur Dubai? Na ratsa ta da na'ura a aljihu, na dawo na ɗora labarin tumatir da abarba da waina mai wake da ake ci a tsaye. Har na ce na ɗanɗana, yajin ya ɗan yi yawa.

Duk kwanakin nan Malam Sabo bai ce uffan ba. Ina ganin alamar ya saurara, amma ko "madalla" babu. Sai ranar Laraba da azahar saƙon muryarsa ya shigo, ni kaɗai, ba a zaure ba.

"Na saurara, duka ukun. Gobe da biyu da kwata agogonmu zan kira ka mu naɗi minti biyar, in sa a shirin Lahadi. Idan akwai abin da kake so ka gaya mini kafin lokacin, wayata a buɗe take."

Na saurari saƙon sau huɗu. Jimlar ƙarshen nan, yaro ɗan firamare ma zai gane ta. Ni da nake cin abinci da fassara, na fassara ta da cewa ladabi ne irin na manya.

Amma na san abin ya sauya. Zuwa yanzu mutum arba'in da uku nake yi wa wasan kwaikwayo, kuma yawancinsu za su yafe. Ranar Lahadi kuwa muryar Malam ce za ta ce "ga wakilinmu daga Mauritius", a shirin da ya tsare shekara da shekaru ba tabo. Ƙaryar tawa ce, amma da bakinsa za ta fita. Sau uku na rubuta masa gaskiya, sau uku na goge.

"Ka kira tsohon nan," in ji Razak. Yana guge rigar aikinsa, bai ko ɗago ba.

"Ka duba mana," na ce. "Duk abin da na faɗa a kan tsibirin gaskiya ne. Yashin fari ne. Kunkurun suna nan. Ban ƙara ko ɗaya ba."

"Kai ne ba ka nan, Massa."

Na ce masa bai fahimci aikin jarida ba.

Tun ranar Laraba na riga na sanar a zaure cewa Alhamis zan hau jirgin ruwa zuwa wani ƙaramin tsibiri. Hira ta waya kuma ba a shimfiɗa mata sauti daga baya, dole a ji inji da ruwa a lokacin da ake magana. Shi ya sa na zaɓi abra. Na lissafa cewa da zafin nan, a makon Sallah, ba wani namu da zai fito tsallaka ruwa da yamma. Duk da haka na yi shiri: na sa hular hana-sallah da baƙin tabarau, na ja takunkumi har hanci. Na rufe fuska ruf, na manta cewa ba a fuska ake gane ɗan rediyo ba.

Wanda bai taɓa hawa abra ba, ga yadda take. Benci ɗaya ne a tsakiya, fasinjoji suna zama a gefe biyu, baya da baya, kowa yana fuskantar ruwa. Ba ka ganin wanda ke bayanka, amma kafaɗarku tana iya haɗuwa. Tsallakawar ba ta fi minti goma ba. Muka shiga, Razak a hagu da ni, direba ya karɓi dirhaminsa ya ce "yalla", wato mu je, inji ya ɗauka. Biyar da kwata daidai waya ta yi ƙara. Na sauke takunkumi, na gyara murya.

"Allah ya gafarta Malam."

"Kana ji na? To bismilla. Gaya wa masu saurare inda kake."

Na fara. Kuma in faɗi gaskiya, ban taɓa yin murya mai kyau irin ta ranar ba. Na ce ga ni a kan wani jirgin katako a gabashin Mauritius, na kwatanta launin ruwan, na kawo tarihin rake. Malam yana ta cewa "uhm".

"Me kake gani a gabanka yanzu?"

A gabana akwai manyan jiragen dakon kaya an ɗaure su a gaɓa, an lafta musu firji da tayoyi da buhunan shinkafa, wani mutum a kan ɗaya yana shanya zanensa.

"Itatuwan kwakwa, Malam, jere reras, da farin yashi iya ganinka."

"Madalla. To tun da ka sauka, mene ne ya fi ba ka mamaki?"

Wannan ba ta cikin takarda. Na duba, na juya bayanta, babu. Duk abin da na sani game da tsibirin na san shi tun kafin in "tafi", to me zai ba ni mamaki? Sai na yi abin da kowane ɗan rediyo yake yi idan ƙwaƙwalwa ta tsaya, na maimaita tambayar da ƙarfi don in sayi lokaci.

"Abin da ya fi ba ni mamaki, Malam, a nan Mauritius... abin da ya fi ba ni mamaki..."

"Ai ni ya kamata a yi wa wannan tambayar, ɗan nan."

Daga bayana muryar ta fito, dab da kunnena. Ban juya ba. Na san muryar da ke cewa "a ƙara miya?" duk ranar Asabar. A hankali wani kai mai ɗaurin ɗankwali ya leƙo ta gefen kafaɗata, ga ledar yadi a cinyarta.

"Ɗan Rediyo? Sannu da hanya. Ashe tsibirin naka dirhami ɗaya ake zuwa? Da ka faɗa ai da tuni mun je mun ga kunkuru."

Na kalli Razak. Ya kafa wa ruwa ido kamar yana neman wanda zai ceta. Na kalli gaɓa, saura kamar minti biyu. Na yi tunanin faɗawa ruwa, har na auna nisan, sai na tuna cewa mutumin da ke kusa da ni sana'arsa ke nan, zai tsamo ni ya dawo da ni kan bencin nan, a jiƙe.

"Wa ke magana?" in ji Malam a cikin waya.

"Wani... wata fasinja ce, Malam."

"Fasinja? Ni ce fasinja?" Hajiya ta miƙo hannu. "Ba ni shi mu gaisa."

Ban san dalilin da ya sa na ba ta ba. Ina jin hannuna ne ya gaji da ni.

"Salamu alaikum. Malam ina wuni? Ina gajiya? Ya iyali, ya Sallah? Talatu ce, daga nan Mauritius, unguwar Deira. Lafiya lau wallahi. Sanyi? Ai Malam sanyi har ya yi yawa, ga ɗanka nan yana ta zufa saboda shi."

Fasinjojin da ba sa jin Hausa suka fara murmushi, domin akwai abin da ba ya bukatar tafinta. Ta miƙo mini wayar, ta gyara zamanta, ta ce wa Razak, "Kai ma da kai a tsibirin?" Ya ce, "Hajiya, ni ɗan rakiya ne kawai."

Na kara wayar a kunne. Shiru. A rediyo shirun daƙiƙa huɗu laifi ne da ake rubuta takardar bayani a kansa. Malam ya ba ni kamar goma.

"Kafin in manta," ya ce, muryarsa ba ta tashi ba, "ka gaishe mini da tsuntsun nan."

"Wane tsuntsu, Malam?"

"Mai kuka duk bayan daƙiƙa goma sha ɗaya. Na auna shi da agogo. Ranar Litinin yana bakin teku, ranar Talata ya bi ka har kan tsauni. Ban taɓa jin tsuntsu mai riƙon lokaci irinsa ba, ya kamata a ɗauke shi aiki."



"Ko ba tsuntsun ma," ya ci gaba, "rahoto uku, ba mota da ta makara, ba wanda ya cuce ka a kasuwa, ba abin da ka tarar saɓanin yadda ka karanta. Wanda ya je wuri, sai wurin ya ƙaryata shi ko sau ɗaya ne." Sannan ya ƙara da cewa, "Ni na koya maka haɗa sauti. Da na ji yadda ka yi ɗinkin, sai da na yaba, sannan na ji kunya. Jiya na bar maka ƙofa a buɗe, na zauna da waya a hannu har aka kira isha'i."

Wannan ita ce maganar da ta shige ni. Dariyar Hajiya ba ta kai ta zafi ba.

"Malam, na tuba. Fasfona ne..."

"Ban tambaye ka ba tukuna. Na'urar a kashe take tun ɗazu, ba zan sa abin da na san ƙarya ne a faifai ba. Kun isa gaɓa?"

"Yanzu muke isa."

"To kada ka sauka. Ka koma da jirgin. Zan kunna, ka gaya mini inda kake, da dalilin da ya sa kake wurin, da abin da ke gabanka. Idan ka ce kwakwa, zan kashe wayata."

Hajiya ta ce ita ma ba ta sauka, ba a fara shiri da ita a ƙare ba ita ba. Haka muka koma Bur Dubai mu uku. Na faɗi sunan ruwan da nake kai. Na faɗi yadda mai duba fasfon mutane ya kasa duba nasa. Na kwatanta jiragen dakon kaya, da firji, da mutumin da ke shanya zane, da warin man inji, da direban da ke sarrafa jirgi da ƙafa ɗaya yana shan shayi. Shekara shida ina hawa abra, ban taɓa lura da ƙafar nan ba sai ranar. Na yi tuntuɓen harshe sau biyu. Malam bai ce a sake ba.

"Wannan zan iya sawa," ya ce. "Saura gyara. A ina ake yin gyara?"

"A inda aka yi kuskure, Malam."

"Da wane lokaci?"

"Lokacin da aka saba jin shirin."

Saboda haka ranar Juma'a da ƙarfe bakwai na safe mutum arba'in da uku suka samu rahotona na ƙarshe, minti ɗaya da daƙiƙa hamsin, ba teku a ƙarƙashinsa. Amma gyaran ya makara. Hajiya ta riga ni da awa goma sha uku, kuma nata rahoton ya fi nawa armashi, domin a cikinsa har na yi yunƙurin faɗawa ruwa an riƙe ni. (Ban yi ba. Tunani kawai na yi. Na nemi ta gyara, ta ce ita ba 'yar rediyo ba ce.)

Ganyen shayin kuwa a Deira na saya mata, a gabanta, ita ta zaɓa, ni na ɗauko mata ledar yadi har Al Qusais.

Darasin da na koya ba mai zurfi ba ne. Kunyar da za ta ɗauki layi biyu a rubuce, idan ka ɓoye ta, sai ta nemi makirfo. Kuma idan har ka ƙudura za ka yi ƙarya, to kada ka aika wa wanda ya koya maka sana'a, kuma ka saurari tsuntsayenka.

Ranar Lahadi shirin ya fita. Malam ya gabatar da ni da cewa, "Ga wani ɗanmu da ya yi niyyar zuwa Mauritius." Har yanzu muna waya duk mako, sai dai ko cewa na yi ana zafi a Dubai, sai ya tambaye ni, "Gani ka yi, ko an ce?" A Al Qusais an daina ce mini Ɗan Rediyo, Wakilin Tsibiri ake ce mini, kuma masu tafiya sun koma kai wa Razak takardunsu. Sabon fasfona ya fito bayan wata biyu, mai shekara goma ne, na duba sau uku. Mauritius dai har yau ban je ba.